Yadda Ɗaliban Aji Za Su Haɗa Katun na Sakan 30 da Waya Ɗaya da Kwali

Duk ɗalibin da zai koyi zane mai motsi, wato katun, lambar da zai fara riƙewa ita ce 12. Hotuna tsayayyu 12, kowane ya ɗan bambanta da wanda ya gabace shi, idan aka jero su suka wuce cikin sakan ɗaya, ido zai ga abu yana motsi. Fim ɗin silima yana tafiya da hoto 24 a sakan, amma tun da daɗewa masu katun suka gano cewa idan kowane zane ya fito sau biyu, zane 12 sun wadatar. Idan aka yi ƙasa da 8, motsin zai fara tsalle-tsalle yana gajiyar da ido.

To ku buga lissafin. Fim na sakan 30 zai ci hoto 360. Na minti ɗaya 720. Na minti biyar 3,600. Ya kamata malam ya rubuta waɗannan lambobi a allo tun ranar farko, domin kusan kowane rukuni na ɗalibai da yaƙin Kanta yake son farawa, da dawakai da mayaƙa da ganuwar Surame, duk a minti goma. A darasi ɗaya na minti 40, bayan an kafa kaya an kuma tattara, abin da ke saura na ɗauka bai fi minti 25 ba, kuma sababbin hannu ba sa wuce hoto 50 zuwa 60 a cikinsa. Sakan biyar ke nan. Fim na sakan 30 zai ci darasi shida ko bakwai na ɗauka kawai, ban da labari da yanka da murya. Shi ne daidai zangon karatu ɗaya.

Hanyar da za a bi a nan ita ce ta yankakken kwali: a yanka mutum-mutumin takarda, a shimfiɗa shi, a ɗan matsar da shi, a ɗauki hoto, a sake matsarwa. Ba ta bukatar kwamfuta, ba ta bukatar kowa ya iya zane sosai, kuma ba hanyar raini ba ce. Wata Bajamushiya mai suna Lotte Reiniger da yankakken kwali ta yi dogon fim da ya fito a 1926, bayan aikin kusan shekara uku. Nan maƙwabta ma, Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, tun cikin shekarun 1960 yake yin katun da kwaɗi a matsayin 'yan wasa, da kayan da ya haɗa da hannunsa.

Mako na farko: ƙwallo a littafi

Kafin a taɓa waya, kowane ɗalibi ya yi littafin kaɗawa. A sami littafin rubutu mai shafi 40, a raba shi biyu da reza a kwance yadda kowane rabi zai tafi da ɗaurinsa, mutum biyu sun samu ke nan. Zanen a gefen waje na shafi ake yin sa, nesa da ɗauri, domin can ne ido ke kamawa. A fara daga shafin ƙarshe a riƙa dawowa gaba. Dalili shi ne duk shafin da ya sauko kan wanda aka zana, za a hango inuwar zanen ƙasa ta cikinsa, a san inda za a ɗora na gaba. Wurin kallo kuma a ɗaga shafukan duka, a riƙa sakinsu da babban yatsa suna faɗuwa ɗaya kan ɗaya.

Abin da za a zana ƙwallo ce tana faɗowa tana tashi. A zagaye maɓallin riga da fensir don girmanta kada ya canja. Ga inda kusan kowa ke kuskure: sai ya raba tazarar daidai wa daida, santimita ɗaya-ɗaya, ƙwallon ta sauko kamar ana zura guga a rijiya. Abin da ya faɗo gudu yake ƙarawa. Ku ɗauki rula ku auna daga sama: zane na farko a sifili, na biyu a milimita 3, na uku a 12, na huɗu a 27, na biyar a 48, na shida a 75, ya taɓa ƙasa. Malamin lissafi zai gane su nan take, 1 da 4 da 9 da 16 da 25 ne aka ninka da 3. A shafin da ta bugi ƙasa kaɗai za ta lotse, ta yi faɗi ta rage tsawo, amma kada ta ƙanƙance, abin da ta rasa a tsawo ta samu a faɗi. Shafi na gaba ta tashi da tazara mai faɗi, tazarar na raguwa har ta kai ƙololuwa, wadda ba za ta kai tsayin farko ba.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin sana'ar: zane kusa-kusa yana ba da tafiyar sannu, zane nesa-nesa yana ba da gudu. Malam ya sa su sake yi sau biyu, sau ɗaya da dutse, wanda ba ya lotsewa ba ya tashi, sau ɗaya da gashin kaza, wanda ke saukowa yana lilo hagu da dama da tazara ƙanana. Da'ira ɗaya ce aka zana, tazara ce ta ba ta nauyi.

Labarin da zai shiga sakan 30

Ɗan Kebbi bai rasa labari ba. Wanda ya taso yana jin "ga ta nan, ga ta nanku" ya san ginin tatsuniya ko da bai taɓa rarrabe shi ba: Gizo yana son wani abu, wani abu ya tare shi, ya ƙulla dabara, ya maimaita ta, a karo na uku ta juye masa. Wannan ginin shi ne ya dace da gajeren katun. Matsalar ɗalibai ita ce tatsuniya da baki ake ba da ita, baki kuma ba ya biyan kuɗin komai. Mai tatsuniya zai ce "sai sarki ya tara mutanen gari duka" cikin numfashi ɗaya. Ku kuwa sai kun yanka mutanen garin ɗaya bayan ɗaya kun motsa kowane sau 12 a sakan.

Saboda haka a ɗaure labari da sharuɗɗa tun farko: 'yan wasa kada su wuce biyu, wuri ɗaya, bukata ɗaya da ido zai iya gani. "Yana son ya zama mutumin kirki" ba ta ɗaukuwa a hoto. "Yana son mangwaron da ke reshen sama" tana ɗaukuwa. Kowane rukuni ya rubuta labarinsa a jimla biyar, ya karanta wa aji. Duk jimlar da ke da "ya yi tunani" ko "ya tuna" ko "ya ji a ransa", a tsayar da su a tambaye su: me hannunsa ko fuskarsa ke yi a lokacin? Amsar ita za a rubuta.

Ga misali daga bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934. Yaro ya shiga kogin Matan Fada a kan gorarsa, homa a hannu, giwan ruwa yake nema. Ya kai homa ya ɗago, kainuwa ce. Ya sake kaiwa, kwaɗo ne, ya dube shi ya yi tsalle ya koma. Ya kai ta uku, homa ta ƙi ɗagowa, sai kifin ya figi yaro da gora ya yi gaba da su. Can ganga, wato bakin kogi, suka tsaya, kifi a tudu, yaro a kan kifi. Babu magana ko ɗaya a ciki, kuma ƙaninku ɗan shekara huɗu zai fahimta. Ku lura da wata riba: ƙafafun yaron suna cikin ruwa, ba za a wahala da tafiya ba.

Wani abu da ya kamata malam ya sani tun da wuri: akwai iyayen da ba sa son 'ya'yansu su zana siffar mai rai. Kada a yi jayayya a kan yaro, kuma kada a bar shi zaune yana kallo. Duk darasin da ke cikin wannan jagora ana iya yin sa da tsintsiya da buta, da ƙwayar wake, da takalmi biyu masu tsere, da haruffan da ke neman wurinsu a kalma. Butar da ta sunkuya a hankali ta fi fuskar da aka zana ba daidai ba nuna baƙin ciki.

Bayan jimla biyar sai allon labari. A ninke farar takarda a fitar da gida takwas, a kowane gida a zana abin da kyamara za ta gani, ko da da 'yan sanduna ne, a ƙasa a rubuta sakan nawa zai ɗauka. Na yaron Argungu, mai gida bakwai, zai iya zama haka: kogi daga nesa, sakan 3, yaro a kan gora, 4, kamun farko, 5, na biyu, 4, fuskarsa daga kusa, 2, kamu na uku da fizga, 8, ganga, 4. Jimla 30. Kamu na biyu ya fi na farko gajarta da gangan, domin mai kallo ya riga ya san yadda ake kai homa, ba sai an sake koya masa ba. Sakan ɗin ba a zaune ake ƙiyasta su ba. Ɗalibi ɗaya ya tashi ya kwaikwayi motsin da jikinsa, wani ya riƙe agogon waya.

Nisa iri uku sun ishe ku: na nesa don a san wuri, na tsakiya don a ga aiki, na kusa don a ga fuska. Kuma idan yaro ya fuskanci dama a gida na biyu, ya ci gaba da fuskantar dama har ƙarshe. Da zarar kun juya shi hagu ba dalili, mai kallo zai ɗauka ya fasa ne ya koma gida.

Ku ɗauki hoton gidajen nan, ku jera su a manhajar haɗa bidiyo irin CapCut, kowane da tsawon sakan ɗinsa, ku nuna wa wani rukunin ba tare da kun ce uffan ba. Su faɗi abin da suka gani. In abin da suka faɗa ba labarinku ba ne, gyaran yanzu fensir da minti goma zai ci. In kun bari sai bayan ɗauka, mako uku zai ci.

Yanka

Kwalin da ya dace shi ne mai kaurin kwalin ashana ko na maganin sauro, ko farin kwalin da ake rubuta jadawalin aji. Takardar littafi ta yi laushi, tana nannaɗewa, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe. Kwalin katan kuma ya yi kauri, yana jefa inuwa a gefe.

Tsawon ɗan wasa ya kai santimita 15 zuwa 18. Ƙasa da haka yatsa ba ya iya sarrafa gaɓoɓinsa. A zana shi daga gefe, a rarraba: kai, gangar jiki, damtse, sangalin hannu haɗe da tafi, cinya, ƙwauri haɗe da ƙafa. Kowace gaɓa a ƙara mata santimita ɗaya mai zagaye a inda za ta shiga ƙarƙashin 'yar'uwarta, in ba haka ba da an lanƙwasa gwiwar hannu sai rami ya bayyana. Haɗawa da allura da zare ake yi: a huda gaɓoɓin biyu, a zura zare, a ƙulla ta gaba, ta baya a ja shi ya ɗan ɗame a danne da salatif. Idan ya yi sako-sako hannu zai riƙa zamewa da kansa tsakanin hoto da hoto, idan ya ɗame da yawa kuna taɓa hannu duk jiki zai biyo. Kai kuwa kada a ɗinke shi. A yanka uku ko huɗu masu fuska daban-daban, girma ɗaya, a riƙa musanyawa.

Bakin kwali inda aka yanka fari ne, yana ƙyalli a hoto. A bi shi da maka mai launin jikin. Ƙaramin aiki ne, amma shi ke raba fim mai tsabta da mai kama da aikin gaggawa.

Shimfiɗar baya, wato sama da ganga, a manne ta da teburi da salatif a kusurwa huɗu. Ruwa kuma a yanka dogayen tsiri uku na shuɗin kwali masu baki kamar igiyar ruwa, su fi faɗin hoto tsawo, a jera su ɗaya kan ɗaya, a soka yaro da gorarsa tsakanin na farko da na biyu.

Akwati, waya, haske

Nan ne yawancin fina-finan aji ke lalacewa, ba a zane ba. Dokar ɗaya ce: a duk fim ɗin abin da kuka matsar da hannu ne kaɗai zai canja. Waya, teburi, shimfiɗa da haske su zauna kamar an dasa su.

A nemi katan mai ƙwari wanda tsayinsa ya kai santimita 40 zuwa 45. A kife shi, a yanke gefen gaba gaba ɗaya don hannu ya shiga, a buɗe taga a hagu da dama don fitila, a huda rami a tsakiyar sama daidai idon kyamara. A kwantar da waya a kai tana kallon ƙasa, a ɗaure ta da salatif, shi ma katan a manne shi da teburi. A zagaye mazaunin wayar da maka, a zagaye ƙafafun teburi da alli a ƙasa, saboda mako mai zuwa a mayar da komai inda yake. Tun yanzu a yanke shawara, a kwance za a ɗauka ko a tsaye, ba a canjawa a tsakiya. Don nunawa a aji ko a talabijin, a kwance.

Manhajar Stop Motion Studio tana da nau'in kyauta da ya isa wannan aiki. A sa gudunta a 12. A kunna abin da ake kira ɓawon albasa, wanda ke nuna inuwar hoton baya a kan na yanzu, daidai da yadda shafin littafin kaɗawa ke yi. Sannan a kulle saitin kyamara, haske da kaifin gani da launi, a fitar da su daga sarrafa kai. Idan aka bar waya ta zaɓa da kanta, duk shigar hannu da fitarsa sai ta sake aunawa, fim ya fito yana ƙifta ido, wani hoton ya yi haske wani ya yi duhu. A sa wayar a yanayin jirgin sama, domin kira ɗaya mai girgiza ya isa ya gusar da ita. Kada a danna fuskar waya don ɗauka. A yi amfani da maɓallin ƙarar sauti na abin sa wa kunne mai igiya, ko a sa agogon jinkiri na manhajar.

Hasken taga yaudara ne. Ido ba ya lura rana na tafiya, amma kyamara na lura, kuma hoton ƙarfe tara da na goma da rabi ba launi ɗaya ba ne. Da damina gajimare ɗaya ya isa ya ɓata sakan uku. A rufe tagogi da kwali ko zane mai kauri, a sa fitilar caji biyu iri ɗaya, hagu da dama, kowace ta karkato rabi tsakanin tsaye da kwance, nesa ɗaya da shimfiɗa. Biyu ake so don kowace ta kashe inuwar ɗayar. Idan haskensu ya yi kaifi, a rufe fuskarsu da farar leda ko takarda ɗaya. A cika su da caji kafin darasi, saboda fitilar caji tana dusashewa a hankali, fim ya fara da rana ya ƙare da magariba ba ku sani ba. Ƙwan lantarki na aji a kashe shi, kada a ɗauke wuta ko a kawo ta a tsakiyar aiki.

Abu biyu da ba kowa ke tunawa ba. Fanka a kashe ta, ko da zafin watan Afrilu ne na Birnin Kebbi, domin iska kaɗan tana gusar da kwali. Sannan farar rigar makaranta madubi ce: mai motsa kwali in ya tsaya kusa a wannan hoto ya ja baya a na gaba, haske zai canja. Ya yafa baƙin zane, ko a zana masa wurin tsayawa da alli ya riƙa komawa can kafin kowace ɗauka.

Ranar ɗauka

Rukuni mutum biyar ya fi daidai. Ɗaya yana motsawa, ɗaya yana ɗauka, ɗaya yana riƙe da allon labari yana ƙirga hotuna da ƙarfi yana rubutawa, ɗaya yana kula da ruwa da fitilu, ɗaya yana kallon fuskar waya yana cewa "hannu ya fita" kafin a danna. A riƙa juya aikin kowane darasi, kada mai baki ya riƙe kwali zango guda, masu kunya, galibi 'yan mata a ajin da ake haɗe, su ƙare a riƙon fitila.

Da tsinken sakace ko hantsaki ake matsar da gaɓa, yatsan ɗaya hannun yana danne gangar jiki. Motsi na yau da kullum milimita 3 zuwa 5 ne a kowane hoto, gudu santimita 1 zuwa 2. Sababbin hannu kullum yawa suke yi, shi ya sa fim ɗin farko ke ƙarewa kafin a zauna. Bayan kowane hoto 12 a tsaya a kalla. In an ga kuskure a goge a koma nan take, ɓawon albasa zai nuna inda gaɓoɓi suke.

Darasin ƙwallo yanzu zai yi aiki. Hannun da zai ɗaga homa ba ya tashi da gudu ɗaya: milimita 1, 2, 4, 6, 6, 4, 2, 1, ya fara a hankali, ya yi sauri, ya tsaya a hankali. Kuma ya bi hanya mai lanƙwasa kamar baka, domin gaɓar mutum a kan mahaɗa take juyawa.

Kafin kowane babban motsi a yi ƙarami zuwa kishiyarsa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, kuma a katun doka ce. Kafin yaro ya kai homa ruwa, ya ɗaga ta sama ya ja jiki baya cikin hoto 4, ya tsaya hoto 2, sannan ya kai ta cikin hoto 3. Ba don wannan ba, mai kallo ba zai san inda zai sa ido ba, sai dai ya ga homa a ruwa. Bayan motsin kuma ba komai ke tsayawa tare ba: jiki ya tsaya, hula ko bakin riga su wuce kaɗan su dawo cikin hoto 2 ko 3.

Sai tsayawa. Wannan ita ɗalibai suka fi ƙi, suna ganin asarar hoto ce. Lokacin da yaro ya ɗago kainuwa, a bar shi da ita a gaban fuska hoto 10 zuwa 12 ba motsi, mai kallo ya gani, ya gane, ya yi dariya. In kun wuce da sauri dariyar ba za ta samu wurin fita ba. Amma ruwa ya ci gaba da tafiya a lokacin, tsirin gaba milimita 3 zuwa dama, na tsakiya 2 zuwa hagu, na baya 1, kada hoton ya mutu. Ƙifta ido hoto 2 ne da kan da idonsa ke rufe.

Idan labarinku dole sai an yi tafiya a ƙasa, taku ɗaya hoto 6 ne, taku biyu sakan ɗaya. Jiki yana sauka kaɗan bayan diddige ya taɓa ƙasa, yana ɗagawa bayan ƙafafu sun gifta juna, hannun dama yana tafiya da ƙafar hagu. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙafar da ke ƙasa ta riƙa zamewa kamar mai tafiya a kan santsi. A danne ta da tsinke, jiki ya wuce ta samanta, sai an kafa ɗayar sannan a sake ta. Wanda bai shirya wa wannan ba ya sa wa ɗan wasansa doguwar riga ko hijabi har ƙasa, ya riƙa ɗaga shi yana saukewa milimita 2 yana gaba.

Murya da ƙara

In akwai magana a fim, ita ake fara naɗa kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, domin baki ne ke bin murya. A naɗa a ƙaramin ɗaki mai tabarma da labule, ba a aji mai siminti da kwano ba inda murya ke amsa kuwwa. Waya ta yi nisan taƙi ɗaya da baki, a ɗan gefe, don iskar haruffa kada ta buge ta. A zaɓi lokacin da janareto ke kashe kuma ba lokacin tashi ba. A auna jimlar: in ta ci sakan biyu da rabi, hoto 30 ke nan, a rubuta a takarda gaɓar kalma da lambar hoton da ta faɗa.

Baki huɗu sun isa Hausa: rufaffe don m da b da ɓ da shiru, buɗaɗɗe don a, shimfiɗaɗɗe don i da e, zagayayye don o da u. A yanka su ƙanana a riƙa ɗorawa a fuska da hantsaki, kowane ya zauna aƙalla hoto 2. Ba kowane harafi ake bi ba, wasula da rufewar leɓe kaɗai ido ke kamawa. Kuma ku bar 'yan wasa su yi Hausar gida. In yaron Argungu zai ce "hwaɗi" ne, ya ce "hwaɗi", ku ba shi zagayayyen baki a farkon kalmar.

Sauran ƙara bayan ɗauka ake yin su ana kallon fim. Hannu a bokitin ruwa don kai homa, ƙwarya a kife a kan ruwa ana bugawa don gora, shinkafa ana zubawa a faranti don ruwan sama, tafi biyu a cinya don gudu. Kiɗa ku yi naku da kalangu ko gwangwani. Waƙar wani mawaƙi in kun ɗora, Facebook da YouTube suna iya kashe sautin bidiyon ko su sauke shi.

Haɗawa da ajiya

Bayan kowane darasi a fitar da abin da aka ɗauka a matsayin bidiyo, a sa masa suna da lambar fitowa, wato lambar gidansa a allon labari, da kwanan wata, a kwafe shi zuwa katin ajiya ko wata waya a ranar. Wayar malam ce ko ta makaranta, hannu da yawa ke taɓa ta, wani zai iya goge manhajar don neman wuri, aikin mako huɗu ya tafi. Wurin turawa a bi ta Xender ko igiya. WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau, sai dai in an tura shi a matsayin fayil.

A CapCut a jera fitowa bakwai bisa allon labari, a ɗora sauti a ƙasa, a matsar da kowace ƙara har ta faɗa daidai hoton da abin ya faru. Ƙarar da ta riga hoto ko da kaɗan tana jin baƙo a kunne, gara ta makara da hoto ɗaya. Kada a sa ado tsakanin fitowa da fitowa, yanka kai tsaye ya fi. Sunan fim sakan 3 a farko, sunayen rukuni sakan 4 a ƙarshe, kuma in za a sa shi a intanet sai iyaye sun yarda, a taƙaita a sunan farko ban da hoton fuskar yara.

Ɗalibin da hannunsa ya faɗa yana son ya koma zane zalla, FlipaClip a waya tana aiki da ɓawon albasa iri ɗaya. In makaranta na da ɗakin kwamfuta, Pencil2D da Krita da OpenToonz duk kyauta ne, ana sauke su sau ɗaya a raba da filashi, ba sa bukatar intanet wurin aiki. Pencil2D ta fi sauƙi ga tsohuwar kwamfuta. A can ma a sa gudu a 12, a fara da ƙwallon nan, sifili, 3, 12, 27, 48, 75, sai dai a wannan karo a zana na sama da na ƙasa tukuna, sannan a cike na tsakani.